Sa Hannun Makaɗi da Sunan Masoyi

Duk wanda ya zauna a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ko da na mako guda ne, kunnensa ba zai rasa kiɗa ba. Gari ne da ya tara al'ummu da dama: Barebari waɗanda kakanninsu suka kafa sarautar garin, da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, kuma kowace al'umma da irin kayan kiɗanta. Ranar hawan Salla ana jin tambari da algaita da kakaki a ƙofar fada. Ranar Lahadi da safe, sautin jita da ganguna ne ke fitowa daga majami'u. A gidan biki kuwa, wani lokaci kalangu ne, wani lokaci kuma na'ura ce da manyan lasifikoki.

Idan an tashi daga wasa, ku lura da abin da jama'a suke yi wa makaɗin da ya burge su. Wasu su miƙa masa hannu a gaisa, wasu su sa masa albarka, wasu su damƙa masa abin da ya sawwaƙa, samari da 'yan mata kuma su ɗaga waya su ɗauki hoto tare da shi. Da wuya a ga wanda ya zaro takarda da biro ya ce masa, "Don Allah sa mini hannu a nan." Amma a Turai da Amurka, wannan roƙo yana cikin na farko da makaɗi yake ji idan ya sauko daga dandamali. Akwai masu tsayawa awa biyu ko uku cikin sanyi a ƙofar bayan zauren wasa, ba don komai ba sai don makaɗin jitar da suke ƙauna ya rubuta musu sunansa da hannunsa. Mene ne amfanin wannan ɗan rubutu? Me ya sa kuma al'adar ba ta yi ƙarfi a wurinmu ba, alhali ba a fi mu son makaɗa ba?

Abin da mai neman sa hannu yake nema

Al'adar ta girmi jitar zamani nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 16, ɗaliban jami'o'in Jamus sukan riƙe wani ɗan littafi, su riƙa ba malamansu da abokan karatunsu su rubuta musu 'yan kalmomi su sa hannu, domin tunawa da juna bayan an rabu. Daga baya mutane suka shiga tara sa hannun sarakuna da marubuta, sannan na 'yan fim da 'yan ƙwallo. Da jita mai amfani da lantarki ta zama uwar kayan kiɗan matasa, daga shekarun 1950 zuwa gaba, sai makaɗanta suka shiga sahun gaba na waɗanda ake bi da biro. Ana miƙa musu bangon faifai, ko tikitin shiga wasa, ko hoto, ko riga. Wanda ya fi kowa zumuɗi kuwa jitarsa sukutum yake ɗaukowa, a rubuta masa a jikinta.

Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Faifan da masoyi ya saya, irinsa dubbai ne ko miliyoyi, babu abin da ya bambanta nasa da na maƙwabcinsa. Amma da zarar makaɗin ya riƙe shi ya rattaba hannu, ya zama guda ɗaya tak a duniya. Kiɗan da aka yi a zaure yana wucewa da zarar an kashe fitilu, tawada kuwa tana nan. Saboda haka sa hannu shaida ce ta cewa wata rana, a wani wuri, mai sauraro da makaɗinsa sun tsaya gaba da gaba, ko da na daƙiƙa goma ne.

Abin da mutane da yawa suke so, kuma ba ya samuwa da sauƙi, ba ya daɗewa bai shiga kasuwa ba. Jimi Hendrix, bahagon makaɗin jita na Amurka, ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Shekarun shahararsa kaɗan ne, don haka takardun da ya sa wa hannu ba su da yawa, kuma duk wadda ta fito kasuwa tsada take yi. A 2005 an yi gwanjon wata farar jita ƙirar Fender Stratocaster a birnin Doha na ƙasar Ƙatar, domin tara kuɗin agaji ga waɗanda ambaliyar teku ta watan Disamba 2004 ta shafa a nahiyar Asiya. Irin wannan jita ba ta wuce 'yan dubban daloli ba a kanti. Amma da yake Eric Clapton da Jimmy Page da Keith Richards da Brian May da wasu takwarorinsu sun sa hannu a jikinta, sai aka saye ta dala miliyan 2.7.

Inda kuɗi ya shiga, algus ma yakan biyo baya. A shekarun 1960, lokacin da wasiƙun masoya suka yi wa ƙungiyar Beatles ta Ingila yawa, ma'aikatansu ne sukan kwaikwayi hannunsu su sa a hotuna, kuma har yau masu saye da sayarwa suna fama da tantance na gaske da na kwaikwayo. Abin da ya faru a 2022 ya fi wannan koyarwa. An sayar da kwafe 900 na wani sabon littafin Bob Dylan, mawaƙi kuma makaɗin jita, kowanne a kan kusan dala 600, bisa alkawarin cewa shi ya sa musu hannu da kansa. Da masu saye suka riƙa gwama hotunan littattafansu a intanet, sai suka ga rubutun yana maimaita kansa layi bisa layi, abin da hannun ɗan Adam ba ya yi. Ashe na'ura ce ta rubuta. Kamfanin ɗab'in ya mayar wa mutane kuɗinsu, shi kuma Dylan ya fito ya nemi afuwa. Abin lura a nan shi ne, siffar rubutun tasa ce, sunan ma nasa ne, littafin kuma bai rage ko shafi ɗaya ba. Abu ɗaya ne ya ɓata wa masu saye rai: hannunsa bai taɓa takardar ba. Wannan taɓawar suka biya kuɗi a kanta.

Su ma makaɗan abin yakan ishe su. A 2008 Ringo Starr, mai ganga na Beatles, ya sanar cewa daga ranar 20 ga Oktoba ba zai ƙara sa hannu a kan wani abu da aka aiko masa ba. Daga baya ya bayyana cewa ya gaji da ganin abin da ya bayar kyauta yana komawa hajar sayarwa.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

Kafin jita ta zo, Hausawa suna da nasu kayan kiɗa masu tsirkiya, wato igiyar da ake ɗaurewa tamau a kaɗa ta ba da amo. Akwai garaya, wadda aka sani da maharba da 'yan bori. Akwai molo da gurmi, waɗanda ake kaɗawa da yatsu. Akwai goge da ƙanwarsa kukuma, waɗanda ake gogawa da izga, wato gashin jelar doki. Akwai kuma kuntigi, ƙaraminsu duka, mai tsirkiya ɗaya, wanda sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin cikinsa a rufe da fata. Kowannensu ya fitar da gwanaye: Haruna Uji na Haɗeja a gurmi, Hassan Wayam a kukuma, Mamman Barka na Nijar a gurmi, Ɗanmaraya Jos a kuntigi. Waɗannan mutane sun yi masoya ba iyaka. An bi su gari gari, an cika filaye dominsu, an sayi kaset ɗinsu har zaren ya tsinke aka ɗaura. Amma ba a san masoyansu da tara sa hannu ba.

Wani zai ce ai rashin yaɗuwar karatun boko ne ya jawo haka. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin a da hatimi ne shaidar sarki a kan wasiƙa, talaka kuma dangwala yatsa yake yi a kan takardar hukuma. Amma wannan bai isa bayani ba. Babban dalili shi ne Bahaushe yana da wata hanya tasa ta ƙulla zumunci da makaɗi, kuma a cikinta sunan yana tafiya ne ta ɗaya ɓangaren. Bature yana so ya ɗauki sunan makaɗi ya kai gida. Bahaushe kuwa so yake makaɗi ya ɗauki sunansa ya sa a waƙa.

Ku dubi yadda ake yi a filin wasa. Makaɗi yana tsakiya da 'yan amshinsa. A gefensa akwai sanƙira, wato maroƙin da aikinsa shi ne ya san jama'a, ya san ɗan wane ne wannan, jikan wane ne wancan, ya kuma shelanta kyautar da kowa ya yi. Idan wani ya shigo fili, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da garinsu da sana'arsa. Makaɗi ya karɓa, ya saƙa sunan a cikin waƙa, ya haɗa da na iyayensa da abokansa. Mutumin ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya sa hannu a aljihu ya yi kyauta. Wannan shi ake kira ambato. Idan mutum ya zama ubangidan makaɗi, wato mai ɗauke da ɗawainiyarsa, to ba ambato kaɗai zai samu ba, waƙa guda za a yi masa. Wasu ma har take ake yi musu. Take shi ne wani salon kiɗa da aka keɓe wa mutum ɗaya ko sarauta ɗaya ko sana'a ɗaya, wanda da an kaɗa shi, ko ba a buɗe baki ba, masu sauraro sun san da wa ake. In ana neman abin da ya fi kama da sa hannu a al'adar Hausa, to take ne, sai dai shi da kunne ake karanta shi.

Babu wanda ya nuna ƙarfin wannan al'ada kamar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ta ƙasar Katsina, ya rasu a 1999. Shi da kalangu ake yi masa kiɗa, ba da tsirkiya ba, amma misalinsa ya shafi kowa. Ya yi wa sarakuna waƙa, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma yi wa 'yan kasuwa da direbobi da dogarai da mata. Da yawa daga cikinsu ba su bar littafi ko gini da za a tuna da su ba. Amma rediyo da kaset sun kai sunayensu Kumasi da Yamai da Kartum, kuma yau jikokinsu suna jin sunan kakansu yana fita daga wayar wani baƙo a cikin mota. Takardar da makaɗi ya sa wa hannu tana kwance a akwati, mai ita kaɗai ke ganinta sai wanda ya nuna wa. Suna a cikin waƙa kuwa yawo yake yi, ko bayan mai shi ya kwanta dama.

Shi ma mawaƙin yana da inda yake sa nasa hannu, amma a cikin aikin ne, ba a bayansa ba. Mawaƙan baka sukan yi wa kansu kirari a tsakiyar waƙa, su faɗi sunansu da na iyayensu. Marubuta waƙoƙin ajami tun ƙarni na 19 sukan ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, wasu kuma su ƙara da ramzi, wato haruffan da in an lissafa su za su ba da shekarar da aka yi waƙar. Ta haka ko an kwafe waƙar sau ɗari, sunan mai ita yana biye da ita.

Sai dai kada mu yabi namu mu rufe ido. Ambato yana tafiya da kyauta, kyauta kuma sai mai abin hannu. Manomin da ya yi tafiyar ƙafa daga ƙauye don ya ga wasa, ya tsaya a baya har gari ya waye, yana iya fin attajirin da ke kan kujera son waƙar, amma ba za a ji sunansa ba. Wanda kuma aka ambata ya ƙi yin kyauta, yana iya shan zambo ko habaici, wato a muzanta shi a fili ko a fakaice. Ta wannan fuska al'adar sa hannu ta fi adalci, aƙalla a asalinta: ɗan makarantar da ba shi da ko sisi, in ya yi haƙurin tsayuwa, zai samu daidai abin da mai kuɗi zai samu.

Akwai waɗanda suka rage wannan giɓi. Ɗanmaraya Jos, wanda sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946, ya tashi maraya a hannun Sarkin Hausawan garin, ya rasu a 2015. Mutanen Lafiya suna iya cewa ɗan jiharsu ne na da, domin kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya tana cikin Jihar Filato ne, Jos kuma ita ce babban birni. Ya yi wa manya waƙa, amma abin da ya fi fito da shi shi ne waƙoƙin da ya yi wa waɗanda ba su da abin ba shi. "Waƙar Karen Mota" tasa a kan yaran da ke bin manyan motoci take, masu ɗora kaya da sa waigi. Bai kira su ɗaya bayan ɗaya ba, amma duk yaron motar da ya ji ta a tasha ya san da shi ake. Rediyo ma ta buɗe wata ƙofa. A shirin zaɓi sonka, mai sauraro yakan sayi kati da 'yan kuɗi kaɗan, ya rubuta sunansa da na waɗanda yake gaisarwa, ya aika gidan rediyon Kaduna, a karanta a sa masa waƙa. Har ƙungiyoyi aka kafa a garuruwa saboda wannan. A nan ma burin ɗaya ne: a ji suna tare da kiɗa.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Jita ba baƙuwa ba ce yanzu a yankinmu. Kudu da Lafiya, bayan an haye kogin Binuwai, akwai Otukpo, garin Bongos Ikwue, wanda muryarsa da jitarsa suka shiga gidaje da yawa ta shirin talabijin na Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980. A Jos akwai Panam Percy Paul, mawaƙin bishara. Amma inda jita ta fi yin gida a ƙasashen da ake jin Hausa shi ne Agadas ta Jamhuriyar Nijar, a hannun Abzinawa. A can da wuya a yi babban biki ba a kira masu jita ba. Daga can Bombino ya fito, wanda faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar lambar Grammy.

Labarin Mdou Moctar ya fi dacewa da darasinmu. Ɗan yankin Tawa ne, bahago kamar Hendrix, kuma da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da salon na'urorin da mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da su. Faifan bai shiga kanti ba. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka riƙa tafiya, har suka ratsa Sahara. Dubban mutane suna jin su, amma da yawa ba su san mai su ba, domin waƙar da aka tura ta waya ba ta da bango, sau da yawa ma ba ta ɗauke da cikakken suna. Wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane a Mali, sai da ya sha cigiya kafin ya gano mai ita. Bayan an haɗa waƙar da sunan mai ita ne aka fara biyansa haƙƙinsa, aka gayyace shi ƙasashen waje. Yau makaɗan Agadas suna rayuwa da al'adu biyu: a gida su yi wasa a biki a yi musu kyauta, a Turai da Amurka kuma su tarar da masoya riƙe da faifai da biro.

Wannan ya nuna cewa maganar suna a kan aiki ba ta sha'awa ce kawai ba, ta abinci ce. Duk lokacin da muka tura wa aboki waƙa muka goge sunan mai ita, ko muka bar ta da lamba kawai, mun raba makaɗi da abin da zai sa a neme shi.

A Lafiya, kamar sauran garuruwa, hoton waya ne ya zama shaidar haɗuwa da gwani. Yana da sauƙi, kuma yana nuna fuskokin mutum biyu. Amma waya tana ɓata, tana lalacewa, ana sace ta, hotunan shekara biyar su tafi dare ɗaya. Ɗalibin da yake so ya gwada neman sa hannu, ko na mai jitar majami'arsu ne, ko na tsohon mai gurmin unguwarsu, akwai ladabin da ya kamata ya kiyaye. Ya jira a gama wasa, makaɗin ya ajiye kayansa ya huta. Ya fara da gaisuwa. In dattijo ne ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da aiki. Ina son kiɗanka ƙwarai. Ko za ka taimaka ka rubuta mini sunanka a nan?" In dattijon da ajami yake rubutu, hakan ma ya yi, har ya fi armashi. In kuwa ya nuna ba ya so, ko ba ya rubutu, kada a matsa masa a gaban jama'a. Sai ɗalibin ya nemi izini ya rubuta da kansa: sunan makaɗin, da garin da aka haife shi, da sunan wanda ya koya masa kiɗa.

Kada a miƙa takardar naira a ce a sa hannu a kanta. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta yin rubutu a kan kuɗi, kamar yadda ta haramta liƙi da tattaka su a wurin biki, kuma hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Littafi mai kauri ya fi. A rubuta kwanan wata da wurin da aka haɗu a ƙasan shafin, domin bayan shekara ashirin ba kowa zai tuna ba. A ajiye shi inda rana ba ta bugu, saboda hasken rana yana cinye tawadar biro. A ƙasa mai yawan ruwan sama kamar ta Lafiya, laimar damina da gara su ne manyan abokan gabar takarda, don haka a sa littafin cikin leda, a ɗora shi a kan kanta ko saman kabad, nesa da bangon ƙasa.